Me zai hana in ajiye sarber a shagona in daina biyan masauki a Turai?

Lawali_Zango:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya daɗe yana cin raina. Shekara huɗu ke nan ina gina wa mutane shafukan intanet a nan Damagaram. Yanzu shafi 14 ne a hannuna: lekol masu zaman kansu uku, farmasi ɗaya, ƙungiyoyi biyu, sauran na 'yan kasuwa, har da wani mai kayan fata. Dukansu suna zaune a wani kamfanin masauki na Turai, wato mai ajiye shafuka a kan injinansa don duniya ta iya buɗe su. Duk ƙarshen wata sai na nemi mai katin banki ya biya mini da yuro, ni kuma in ba shi sefa da ɗan abin wahala.

Makon jiya wani ya nuna mini sarber na hannu, wato kwamfutar da ake ɗora shafuka a kanta, irin shimfiɗaɗɗen nan, ya ce daga wani ofis ya fito kuma lafiyarsa lau. Sai na ce a raina: in saye shi mana, in ajiye a ɗakin bayan shago, in sa masa fano da batir, in zama ni ne masaukin. Kuɗin da ke tsallaka teku ya tsaya gida. Don Allah masana ku gaya mini, mene ne ainihin abin da nake biya a can? Ba kwamfuta ce kawai da ba a kashewa ba?

MaiFano_SabonGari:
Wa alaikumus salam. Malam Lawali, rana dai Allah ya hore mana. Duba bayan injin ka gaya mini watt nawa aka rubuta, in yi maka lissafi.

Injiniya_Isufu:
Ƙanena Lawali, tambayarka mai kyau ce. Na yi shekaru ina aiki a ɗakunan injina na wani kamfanin sadarwa, bari in gaya maka abin da idona ya gani. Sarber ɗin shi ne mafi arha a cikin kayan. Abin da kake biya shi ne duk abin da aka kewaye shi da shi don kada ya mutu.

Mu fara da kuran. A cibiyar bayanai ta ƙwarai, wato ginin da ake tara sarber a ciki, wutar gari ba ta taɓa injin kai tsaye. Sai ta bi ta ondilar, na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke, babba, mai ɗaki guda na batir. In wuta ta ɗauke, batir ne ke riƙe komai na 'yan mintuna, a cikin wannan lokacin gurup ya tashi da kansa, akwatin canji ya mayar da lodi kansa. Ba mutum ke gudu ya ja igiya ba. Kuma gurup ɗin ba ɗaya ba ne. In uku ake buƙata, huɗu ake sawa, shi ne abin da ake kira N+1. Tankin gazuwal a cike, da yarjejeniya da mai kawo mai ko tsakar dare ne. Shi kansa sarber ɗin, in ka duba bayansa za ka ga wurin shigar wuta biyu. Ba ado ba ne. Ana ba kowane ɗaya wuta daga hanya dabam, don in ɗaya ta ƙone injin bai ma sani ba.

Akwai wata cibiya a Amurka mai suna Uptime Institute da ta kasa waɗannan gine-gine mataki huɗu. Wanda aka fi ji shi ne Tier III, ma'anarsa kana iya kashe kowane abu ɗaya, ko ondilar ko kilim ko gurup, ka gyara shi, injinan masu haya suna ci gaba da aiki. To tambayi kanka: ran da za ka canza batir a shagonka, shafukan nan 14 suna ina?

Lawali_Zango:
Na gode babban yaya. @MaiFano_SabonGari an rubuta 750 a kan kowane ɗaya daga cikin biyun.

MaiFano_SabonGari:
Wannan iyakar abin da zai iya ja ne, ba abin da yake ci kullum ba. Mu ƙaddara yana cin watt 300. A yini da kwana kilowatt-awa 7.2 ke nan. Daga la'asar sakaliya zuwa hantsi, wajen awa 14, batir ne zai riƙe shi, wato kilowatt-awa 4.2. Batir irin na ruwa ko jel mai 12V 200Ah yana ɗaukar 2.4, amma rabi kawai ake so ka sha in kana son ya yi ƙarko. Batir huɗu ke nan don injin kaɗai. Wannan ba wani abin tsoro ba ne, ana yi.

Hadiza_Rezo:
Malam MaiFano, ka bar kilim a baya. Duk watt ɗin da injin ya ci, zafi yake zama a cikin ɗakin. Watt 300 a ɗan ɗaki rufaffe kamar ka kunna murhu ne ba ka kashewa. Ƙa'idar da masu cibiyoyi ke bi ita ce iskar da ke shiga injin ta tsaya tsakanin digiri 18 da 27. Mu kuwa a Afrilu da Mayu inuwa ma ta wuce 40. Dole kilim dare da rana. Sake lissafin da shi.

MaiFano_SabonGari:
Gaskiyarki Hajiya. In kilim ɗin yana cin watt 500 a tsaka-tsaki, a ƙara batir shida. Goma ke nan. Kuma batir ɗin ma yana son sanyi, zafi na cinye kwanansa. Lityom ya fi, amma kuɗinsa dabam ne.

Hadiza_Rezo:
Sannan ƙura. Ni ita ce ma ta fi ba ni tsoro. Na taɓa buɗe wani sarber a wani ofis bayan hunturu ɗaya, wallahi kamar an zuba masa garin gero. Fankokinsa suna ihu, yana kashe kansa duk azahar, su kuma suna cewa birus ne. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A manyan cibiyoyi ba taga ko ɗaya, iska sai ta bi ta matata kafin ta shiga, ko kwali ba a yarda a shiga da shi ɗakin injina. Akwatunan injin ma jere ake yi musu fuska da fuska, sanyi ya bi ta layi ɗaya, zafi ya fita ta bayansu a wani layin, don kada su gauraya.

Dalibi_UAS:
Ni ɗalibi ne a jami'ar André Salifou, ku yi haƙuri in na yi kuskure. Na karanta cewa manyan ba kilim irin namu suke amfani da shi ba, ruwa suke amfani da shi. Gaskiya ne?

Injiniya_Isufu:
Gaskiya ne ɗana, wasunsu. Akwai masu sanyaya ruwa su zagaya da shi cikin bututu, akwai masu barin ruwa ya zama tururi ya tafi da zafin, kamar yadda randa ke sanyaya ruwanta. Wannan na biyun yana rage cin wuta amma yana shan ruwa da yawa. Shi ya sa wasu suka gudu ƙasashen sanyi. Facebook ya buɗe cibiya a Luleå, arewacin Suwidin, a 2013, iskar waje kawai yake jawowa. Google kuma ya sayi tsohuwar masana'antar takarda a Hamina ta ƙasar Finlan, yana sanyaya injina da ruwan teku.

Inna_GarinMalam:
Ruwa? A Damagaram? Ku bari don Allah. Mu da muke kwana muna jiran famfo ya yi tari, muna bin 'yan garuwa da bidon, a ce kuma injin zai sha? Garin nan a kan dutse yake zaune, ruwanmu daga Gogo da Machaya da Ganaram ake turo shi. In an samu a fara da mutane.

Injiniya_Isufu:
Inna, maganarki dutse. Ba wanda zai kawo irin wannan tsarin nan. In har za a gina a ƙasar nan, rufaffen tsari ne da ba ya zubar da ruwa, sai dai ya ci wuta fiye da na Turai.

Mamman_BabanFati:
Kun tsaya kan wuta da zafi, ni kuwa ina ganin inda maganar za ta karye shi ne rezo. Lawali, koneksiyon ɗin shagonka an yi shi ne don ka ɗauko abu daga waje, ba don duniya ta zo ta ɗauka a wurinka ba. Saukewa da sauri, turawa a hankali. Masauki kuwa turawa ce aikinsa. Na biyu, kana buƙatar adireshin IP naka na kanka wanda ba ya canzawa, kuma wanda ake iya isowa daga waje. Layin salula da ɗan akwatin wifi ba sa ba da wannan, mutane da yawa ne ke raba adireshi ɗaya. Sai ka nemi layi na musamman na kamfani, je ka tambayi kuɗinsa a wata ka dawo mu yi magana. Na uku, layi ɗaya bai isa ba. Cibiyar ƙwarai tana da kamfanonin sadarwa da yawa, kuma wayoyinsu ba ta rami ɗaya suke shiga ginin ba, don kada mai haƙar kwata ya tsinke su gaba ɗaya da diga ɗaya.

Sani_Tanut:
Starlink fa, intanet ɗin nan ta tauraron ɗan'adam? Tunda yanzu an halatta shi a ƙasar nan.

Mamman_BabanFati:
Yana da kyau don aikinka na yau da kullum. Amma tsarinsa na gida shi ma adireshin haɗaka yake bayarwa, kuma gudun turawarsa bai kai na saukewa ba. Akwai dabarun zagayewa, ka haƙa rami ta wani sarber na waje, amma ka ga ka koma biyan na wajen da kake gudu.

DanKasa_227:
Ni duk na ji bayananku, amma raina bai so yadda kowa ke sare wa yaron nan gwiwa ba. Kayan aro ba ya rufe katara. Sunayen 'ya'yanmu, makinsu, lambobin iyayensu, lissafin magungunanmu, duk suna kwance a ƙasar wasu. Ran da suka ga dama su rufe, ko takunkumi ya hana ka biya, me za ka yi? Mun ga abin da ya faru da bankuna lokacin takunkumin 2023. In kowa ya ce ba za a iya ba, yaushe za a fara?

Injiniya_Isufu:
Ɗan'uwa, ba wanda ya ce kada a fara. Amma tunda ka ambaci 2023, ka tuna har da wuta. A watan Agusta na shekarar Najeriya ta yanke layin, alhali kusan kashi 70 na wutar ƙasar nan daga can take zuwa, mu nan gabas ta layin Katsina. Watanni aka yi a haka. Sarber da ke ɗakin bayan shago a wannan lokacin, da gazuwal ɗin wa zai rayu? Kishin ƙasa na gaskiya a wannan fanni shi ne a yi ginin da zai tsaya ran da komai ya faɗi.

DanKasa_227:
To ai shi nake cewa a yi.

Hadiza_Rezo:
An ɗauko hanya. Aikin fibar nan, wato wayar intanet mai aiki da haske, mai ratsa Sahara da Bankin Raya Afirka ya sa wa kuɗi, akwai reshensa da ya tashi daga nan Zinder ya bi ta Magarya zuwa iyakar Najeriya, wani ya bi ta Arlit da Assamaka zuwa Aljeriya, wani ta Diffa da Ngigmi zuwa Chadi. A cikin aikin har da cibiyar bayanai ta ƙasa a Yamai. Abin da ni nake fata shi ne irin su Lawali su samu damar hayar wuri a ciki da sefa, ba ma'aikatun gwamnati kaɗai ba.

Abdu_Alzas:
Salam daga Faransa. Ina bin zancen tun safe, sai yanzu na tashi aiki. Ina so in ƙara abu ɗaya don kada a ɗauka na Turai ba ya faɗuwa. Ina zaune ba nisa da Strasbourg. Daren 10 ga Maris 2021 gobara ta tashi a cibiyar kamfanin masauki OVH da ke birnin, a bakin kogin Rhin. Gini ɗaya, wanda suke kira SBG2, ya ƙone ƙurmus, wani ɓangare na na kusa da shi ma ya tafi. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi, amma miliyoyin shafuka suka ɓace daga intanet a safiyar. Waɗanda suka fi shiga uku su ne masu ajiyar kwafinsu a wuri ɗaya da ainihin shafin. Wuta ta cinye uwa da 'ya. Daga baya kotun kasuwanci a Lille ta sa kamfanin ya biya wasu diyya, amma diyya ba ta dawo da bayanai.

Saboda haka Lawali, kafin ka yi tunanin sayen injin, amsa mini wannan: yau in masaukinka ya ƙone, kwafin shafukan nan 14 yana ina?

Lawali_Zango:
Yaya Abdu, ka taɓo inda ke mini ciwo. Kamfanin yana yin kwafi da kansa duk dare, a kansa na dogara. Ban taɓa tambayar inda suke ajiye shi ba. Na ƙarshe da na sauke a kwamfutata ya kai wata biyar.

Abdu_Alzas:
To wannan ne aikin daren yau, ba sarber ba. Kwafi uku, a kan abu iri biyu, ɗaya a wani wuri mai nisa. Manomi ma ba ya gina rumbunsa duka a jikin madafa.

Rakiya_Kano:
Sannunku mutanen Damagaram, 'yar'uwarku ce daga Kano. Mu nan da yawa mun mayar da shafukanmu cibiyoyin Legas. Akwai Rack Centre a Ikeja, akwai MDXi na MainOne wanda Equinix ya saya a 2022. Wayoyin intanet na ƙarƙashin teku a Legas suke sauka, har da Equiano na Google. Amma in gaya muku gaskiya, kamfanoni da yawa masu sayar da masauki da naira, in ka bincika injinansu suna Jamus ko Amurka. Dillalai ne, sun yi hayar babba suna yankawa. Ba laifi ba ne, amma mutum ya san abin da ya saya. Ku riƙa tambaya: a wane gari injin yake, a ginin wa?

Wani abu kuma, "sarber" ɗin nan da kuke ta faɗa sai da na yi tunani. Mu saba muke cewa.

Malam_Harou:
Hajiya Rakiya, kowa da bakin da ya yi masa mulkin mallaka. Ni malamin Hausa ne, kuma na fi son "uwar garke" da na gani a wasu manhajoji. Ita cibiyar kuma "rumbun bayanai" ya dace da ita, don rumbu ba ajiya kawai ba ne, ana ɗaga shi daga ƙasa saboda gara, a yi masa jinka saboda ruwa, a share kewayensa saboda gobara. Duk abin da Injiniya ya lissafa ke nan.

Dalibi_UAS:
Malam, amma rumbun bayanai wasu na amfani da shi ga baz ɗin done, wato tarin bayanan da ke cikin manhaja. Kada a rikice.

Malam_Harou:
Ka yi gaskiya. To a bar shi cibiyar bayanai, har mu samu wadda ta fi.

Sani_Tanut:
Mu koma kan tambaya. Ni abin da ban gane ba: in injin yana nan Zinder, ba zai fi saurin buɗewa ga mutanen Zinder ba? Yanzu fa sai saƙo ya je Turai ya dawo.

Mamman_BabanFati:
A ƙa'ida haka ne. Haske a cikin fibar yana cin kilomita 200,000 a sakan, wato duk kilomita 1,000 na ƙara milisakan 10 zuwa da dawowa. Mu ba mu da teku, sai saƙo ya yi kusan kilomita 900 zuwa Yamai, ya gangara gaɓar teku, sannan ya kama wayar ƙarƙashin ruwa. Amma ga inda gizo ke saƙa: in sarber ɗinka yana kan kamfani ɗaya, mai buɗe shafin yana kan wani, kuma kamfanonin biyu ba su haɗa layinsu a cikin ƙasa ba, saƙon zai fita waje ya dawo ko da kuna unguwa ɗaya. Kada ka yarda da maganata, gwada da kanka. Akwai umarnin traceroute, yana nuna maka duk zangon da saƙo ya yada. Ni na taɓa gwadawa tsakanin layuka biyu a ɗaki ɗaya, na ga sunan wani birnin Turai a tsakiya.

Kuma gaskiya, jinkirin da mutanenmu ke gani yawanci ba daga nisa ba ne. Hoto ne mai mega biyar aka ɗora a shafin farko.

Hadiza_Rezo:
Amma a ba @Sani_Tanut gaskiyarsa ta wani gefen. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin teku huɗu suka lalace a wajen gaɓar Kodebuwa: WACS, MainOne, SAT-3 da ACE. Ƙasashe da yawa na yammacin Afirka suka shiga duhu ko rabin duhu, mu ma ya taɓa mu. A irin wannan ranar, cibiyar Turai tana nan lafiya lau amma kai ba ka isa gare ta. Abin da ke cikin gida ne kaɗai ke aiki. Wannan hujja ce babba ga masu cewa a ajiye a gida.

DanKasa_227:
Allah ya yi miki albarka Hajiya. Abin da nake ta faɗa ke nan.

Direkta_Nana:
Ni ba masaniyar injin ba ce, lekol nake riƙewa, kuma irinmu ne abokan cinikin Lawali. Bari ku ji ta bakinmu. Shekara biyu da suka wuce wani yaro ya sa mana manhajar maki a kan kwamfuta ɗaya a ofis. Ya ce faifai biyu ne a ciki, in ɗaya ya mutu ɗaya na nan. Ana saura kwana shida a raba bilten, aka yi ruwa da tsawa, wuta ta dawo da ƙarfi, komai ya tafi. Faifan biyu tare. Malamai suka kwana uku suna sake tattara maki daga takardu, wasu na kuka. Iyaye ba su san wani abu RAID ba, wato tsarin faifai biyun nan, ni suka sani.

Abin da nake so daga mai riƙe mini shafi abu biyu ne: ran da sakamako ya fito shafin ya buɗe, kuma in wani abu ya faru in kira mutum ya ɗauka da Hausa. Inda injin yake bai dame ni ba sosai, sai dai ina son in san wa ke iya ganin bayanan yarana.

Injiniya_Isufu:
Hajiya Direkta, sannu da wannan jarrabawa. Abin da ya same ku darasi ne da ake maimaitawa kullum: faifai biyu masu kwafin juna suna kare ka daga mutuwar faifai ɗaya ne kawai. Tsawa, ɓarawo, gobara, ko wanda ya goge abu bisa kuskure, duk biyun suke ci tare. Sannan a duba ginin ko yana da waya ta ƙasa da abin kare tsawa, yawancin gine-ginenmu ba su da shi.

Kan wa ke ganin bayanai, akwai hukumar HAPDP da ke kula da kare bayanan mutane a ƙasar nan. Duk mai riƙe bayanan ɗalibai ko marasa lafiya ya kamata ya san dokarta, musamman in bayanan za su fita waje.

Bachir_Dole:
Ni ɗan kasuwa ne, lissafi na sani. Lawali, nawa kake biya a wata?

Lawali_Zango:
Yuro 18, Alhaji. Da na mai kati ya kama wajen jaka 13.

Bachir_Dole:
Yuro ɗaya sefa 656 ne, bai motsa ba. Jaka 13 a wata, jaka 156 a shekara. Batir goman da MaiFano ya lissafa kaɗai sun biya maka masaukin shekaru, kuma kafin shekarun su cika batir ɗin sun mutu. Ba a zo kan fano da kilim da layi da mai gadi ba. Su can dubban mutane ne ke raba kuɗin gurup ɗaya, kai kuwa mutum 14 za ka ɗora wa. Sannan barcinka. Ran sallah, ran da kake Mirriya wajen biki, ran da zazzaɓi ya kwantar da kai, wa zai tashi? Can akwai masu kwana a zaune saboda wannan.

Mamman_BabanFati:
A kan wannan, ku riƙa karanta alƙawarin da kamfanonin masauki suke rubutawa kan yawan lokacin da shafi zai kasance yana aiki. 99.9 cikin ɗari yana nufin an yarda shafinka ya mutu awa 8 da minti 45 a shekara. 99.99 kuwa minti 53 ne. In 99 ne kawai, kwana uku da rabi har da ɗori. Lawali, ƙirga awa nawa shagonka ya yi ba wuta ko ba rezo a watan jiya kaɗai.

DanKasa_227:
Alhaji Bachir, lissafinka daidai ne ga mutum ɗaya. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu irin sana'ar Lawali a Zinder da Maradi da Agadas in sun haɗu fa? Ga jami'a, ga matatar mai ta SORAZ a kusa da mu, gazuwal a ƙofar gida yake. Ɗaki ɗaya mai kyau, akwati biyu, a fara da shi. Yaranmu ma su samu inda za su taɓa injin da hannunsu, ba a allo kawai ba.

Dalibi_UAS:
Wannan ya yi mini. Mu da yawa ba mu taɓa ganin cikin sarber ba sai a bidiyo.

Bachir_Dole:
Haɗin gwiwa na da daɗin faɗa. Ran da faktir ta zo ake sanin abokin tafiya. Ban ce ba zai yiwu ba, amma a rubuta komai tun farko, wa ke da mabuɗi, wa ke biya, wa za a kama in bayanan wani sun fita.

Hadiza_Rezo:
Lawali, ga tawa shawarar. In farashin injin bai yi yawa ba, saye shi, amma kada ka ɗora masa shafukan mutane. Ba shi aiki biyu. Na ɗaya, duk dare ya jawo kwafin shafukan daga Turai ya ajiye, ka ga ka samu kwafin nesa da Yaya Abdu ke magana, kuma bayanan suna hannunka a gida kamar yadda DanKasa ke so. Wannan ba ya buƙatar adireshi na musamman, kuma in ya mutu na yini ɗaya ba wanda zai kira ka. Kana ma iya kunna shi da dare kawai lokacin da gari ya yi sanyi. Na biyu, ka koyi aiki a kansa. Ran da aka samu cibiya a ƙasar nan mai ba da hayar wuri, ka ɗauki injinka ka kai, su ba ka wuta da sanyi da layi, kai ka riƙe mabuɗin manhajarka.

MaiFano_SabonGari:
In don kwafi ne kawai, ƙaramar kwamfuta mai cin watt 15 da faifai biyu ta isa, batir ɗaya ya riƙe ta. Wancan babban, ƙararsa kaɗai za ta kori masu shigowa shago.

Lawali_Zango:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Yanzu haka ina sauke kwafin, na bakwai nake. Na kuma rubuta wa kamfanin ina tambayar a wane gari suke ajiye nasu kwafin. Batun mayar da shafukan mutane shago na janye shi a yanzu. Amma injin nan raina bai bar shi ba, kuma maganar @DanKasa_227 ta haɗuwa ta zauna mini. Zan je in sake ganinsa ranar Asabar.

Abdu_Alzas:
In ka gama saukewa, ɗauki ɗaya ka gwada tayar da shi a kwamfutarka daga kwafin. Na ga mutane da yawa da kwafinsu ya ƙi buɗewa ran da suka neme shi. Kada ka manta da baz ɗin, ba fayiloli kaɗai ba.

Rakiya_Kano:
Kuma sunayen shafukan, da sunan wa aka yi rajistarsu? In na .ne ne ko .com, a tabbata mai shafin ne ke da su a takarda, ba mai masauki ba.

Injiniya_Isufu:
Lawali, Asabar ƙarfe nawa? In bayan la'asar ne zan raka ka. Kada ka ba da ko dala sai mun kunna shi mun ga awa nawa faifansa suka yi suna aiki, mun kuma cire wayar wuta ɗaya yana kunne mu ga ko zai tsaya.

Dalibi_UAS:
Baba Injiniya, in ba damuwa ni da abokina ɗaya mu biyo ku? Za mu zo da turnabis da buroshin share ƙura.

Injiniya_Isufu:
Ku zo. Mu haɗu a bakin kasuwar Dole, ƙarfe biyar.